Ɗigon da Ke Tona Asirin Ciwon Fata: Labarin Antibodi da Furotin IL-36

A asibitin Hedi Chaker da ke birnin Safakis, a gaɓar tekun ƙasar Tunisiya, likitocin fata sun daɗe suna fama da wata cuta mai bin wasu gidaje. Mutum na zaune lafiya lau, sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, fatarsa ta ɗau zafi tana raɗaɗi, kafin a ankara ƙananan ƙuraje masu mugunya sun feso masa a ƙirji da baya da cinyoyi, wasu har su haɗe su zama faffaɗan tabo guda. Wani kan yi makonni a kwance. Idan abin ya yi tsanani yakan taɓa zuciya ko ƙoda, yakan kuma yi ajalin mutum. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, in aka ɗebi mugunyar nan aka kai ɗakin gwaji, ba a samun ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinta. Jikin ne da kansa ya kunna wutar, ya kuma kasa kashe ta.

Likitoci na kiran wannan cuta soriyasis mai mugunya da ke game jiki, a taƙaice GPP. Likitan fata Leo von Zumbusch ne ya fara bayyana ta a rubuce a farkon ƙarni na 20, kuma aka yi kusan shekara 100 ba a san tushenta ba. Yau an san shi, har an samu magani. Hanyar da aka bi ta ratsa ta cikin wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba, mai ɗauke da ruwan da bai fi 'yan ɗigo ba, wadda ake ajiyewa a firjin ɗakin bincike. Abin da ke cikinta shi ake kira antibodi. Marar lafiya ba ya ganin wannan kwalba, ba a rubuta masa ita a takardar magani, amma ita ce idon mai bincike.

Ranar da mai gadin ƙofa ya gaza

A shekarar 2011, Slaheddine Marrakchi na Safakis da abokan aikinsa na birnin Paris, ciki har da Asma Smahi da Hervé Bachelez, suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan gidaje 9 na 'yan Tunisiya a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine. Sun bi diddigin ƙwayoyin gadon waɗannan iyalai har suka kai ga wata ƙwayar gado mai suna IL36RN. A wannan shekarar dai wasu masana a kwalejin King's da ke Landan suka samu irin wannan tawaya a jikin wasu marasa lafiya da ba su da dangantaka da juna.

Furotin kamar carbi yake, duwatsu ne a jere a zare ɗaya, kowane dutse ana ce masa amino asid. Furotin ɗin da wannan ƙwayar gado ke samarwa yana da duwatsu fiye da 150. A jikin iyalan Tunisiya, dutse na 27 kaɗai ne ya sauya, amma wannan ya isa ya sa furotin ɗin ya rasa ƙwarinsa ya kasa aiki. Ciwon yakan bayyana ne ga wanda ya gaji tawayar daga uwa da uba duka biyu, kamar dai yadda muka san gadon sikila, shi ya sa aka fi ganinsa a gidajen da auren zumunci ya yi yawa.

To mene ne aikin wannan furotin? A fatar kowane mutum akwai wasu furotin 'yan gida ɗaya su uku: IL-36 alfa, da beta, da gamma. Aikinsu shela. Idan fata ta ji rauni ko ƙwayar cuta ta kutso, sai ƙwayoyin saman fata su sake su, su je su ƙwanƙwasa wata ƙofa da ke jikin maƙwabtansu, daga nan kira ya tafi ga fararen ƙwayoyin jini cewa su kawo ɗauki. Akwai ɗan'uwansu na huɗu, IL-36Ra, wanda shi mai gadi ne: yakan zauna a bakin ƙofar ya hana masu shelar wuce gona da iri. Shi ne ya samu tawaya a jikin iyalan Safakis.

Bincike na baya ya ƙara fito da yadda wutar ke ruruwa. A 2016, ɗakin binciken Seamus Martin da ke kwalejin Trinity a birnin Dublin ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jinin da suka amsa kiran suna sakin wasu sinadarai masu yanka, waɗanda ke datse kan IL-36, kuma da zarar an datse shi sai ƙarfinsa ya ninka sau ɗaruruwa. Ƙarfin ya ƙaru, shela ta ƙaru, wasu fararen ƙwayoyin suka sake tururuwa, su ma suka datse wani. Tarin waɗannan ƙwayoyi a ƙarƙashin saman fata shi ne mugunyar da ake gani.

Duk wannan bayani yana da daɗin ji, sai dai furotin ba abu ba ne da ake gani da ido, ko da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum. A ɗan guntun fata akwai dubban nau'o'insa a cakuɗe. Wanda ke son ya ce ga IL-36 nan, a wannan sashe na fata, da wannan yawan, dole ya samu abin da zai shiga cikin taron ya cafko shi shi kaɗai.

Daga jinin doki zuwa ɓeran Kambirij

Antibodi wani furotin ne da garkuwar jiki ke ƙerawa. Siffarsa kamar ice mai reshe biyu, kuma kan kowane reshe an sassaƙa shi daidai da abu guda da zai kama, kamar yadda makulli ke shiga kwadonsa. Idan baƙon abu ya shiga jiki, jikin kan ƙera antibodi da ya dace da shi ya manne masa.

Mutanenmu sun daɗe da cin moriyar wannan ko da ba su san sunansa ba. Maganin sarar maciji da ake yi wa waɗanda kububuwa ta sara a asibitin Kaltungo da ke jihar Gombe antibodi ne, wanda aka tace daga jinin tumaki ko dawakin da aka riƙa yi wa allurar dafin kaɗan-kaɗan. Ɗan layin da ke fitowa a tsinken gwajin maleriya, da wanda ke fitowa a tsinken gwajin ciki, duk antibodi ne ya cafke abin da ake nema ya fito da launi. Tushen ilimin ya faro tun 1890, lokacin da Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna a birnin Berlin cewa ruwan jinin dabbar da ta samu kariya na iya kare wata dabbar.

Tsohuwar hanyar samar da antibodi don bincike ita ce a yi wa zomo ko akuya allurar furotin ɗin da ake son nazari, a jira makonni, a ɗebi jini a tace. Abin da ake samu gauraye ne na antibodi iri-iri, kuma na wannan zomo ba ya zama daidai da na wancan. Ranar da jinin zomon farko ya ƙare, abin da za a sayar da sunansa nan gaba wani ne daban.

A 1975, a ɗakin binciken ƙwayoyin halitta na hukumar binciken likitanci ta Birtaniya da ke Kambirij, César Milstein ɗan asalin Ajantina da Georges Köhler Bajamushe suka kawo sauyi. Sun ɗauki ƙwayar da ke ƙera antibodi daga saifar ɓera, suka haɗe ta da ƙwayar sankara wadda ba ta daina hayayyafa. Abin da ya fito ƙwaya ce mai rayuwa a kwalba tana zubo antibodi iri ɗaya tak ba yankewa. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1984 tare da Niels Jerne. A yau an ƙara gaba: ana karanta tsarin gadon antibodi, a adana shi a kwamfuta, a ƙera shi a duk lokacin da ake so ba tare da ya sauya ba.

Yadda ake sa fata ta yi magana

Aikin yakan fara ne daga ɗakin likita. Bayan an kashe zafin wurin da allura, sai a ciri ɗan guntun fata mai faɗin milimita 3 zuwa 4. A jefa shi cikin fomalin don kada ya ruɓe, a dasa shi cikin kaki, sannan a yanka shi siri-siri da wata na'ura, kowane yanka kaurinsa bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 1,000 na milimita ba. A shimfiɗa a kan gilashi.

Nan ne ake ɗauko 'yar kwalbar. Mai gwaji zai tsarma ɗigo ɗaya sau ɗari ko fiye, ya zuba a kan yankan, ya bar shi na awa guda ko ya kwana a firji. Sai ya wanke, duk antibodin da bai samu abin kamawa ba ya bi ruwa. Daga nan ya zuba antibodi na biyu, wanda aikinsa ya hau kan na farko, yana ɗauke da sinadarin da ke fito da launin ruwan ƙasa. Idan aka leƙa ta madubi, duk inda launin ya zauna, nan furotin ɗin yake. Asalin wannan dabara na Albert Coons ne na jami'ar Harvard, wanda a 1941 ya fara liƙa wa antibodi sinadari mai ƙyalli don a ga inda ya sauka. Akwai kuma hanyar ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka fito da ita a birnin Stockholm a 1971, da ita ake auna yawan furotin a jini ko wani ruwan jiki.

Da irin waɗannan gwaje-gwaje aka ga cewa a fatar mai soriyasis, IL-36 gamma na cika saman fata maƙil, alhali a lafiyayyar fata ɗan kaɗan ne. A 2015 masana a jami'ar Bonn ta Jamus suka nuna cewa wannan furotin na iya zama alamar da ke bambanta soriyasis da wasu cututtukan fata masu kama da ita. A 2018 wata tawaga a jami'ar Leeds ta Ingila ta nuna cewa ba sai an yanki fata ba: ana iya manna ɗan salatif a kan ƙurjin a ɓamɓare, a auna IL-36 gamma da ya biyo shi, a rarrabe soriyasis da cutar ƙaiƙayin fata da likitoci ke kira ekzima.

Wannan bambancewa na da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2016, ta ce aƙalla mutum miliyan 100 ke fama da soriyasis. Nau'in da ya fi yawa shi ne mai fitar da faffaɗan tabo mai kauri da ɓawo kamar azurfa a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai, saboda fatar na sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda. Littattafan likitanci sun fi koyar da gane ta ta hanyar jan da fata ke yi. A baƙar fata jan nan ba ya fitowa sosai. Wurin kan yi duhu ne ko ya yi toka-toka, har a ɗauke shi makero ko amosanin kai. Gwajin da bai dogara da launin fata ba alheri ne babba ga masu fata irin tamu.

Idan mudun ya zama na algus

Kowa ya san abin da tauyayyen mudu ke jawowa a kasuwar hatsi: duk lissafin da aka ɗora a kansa ya ɓaci. Haka antibodin bincike yake. Ana rubuta wa kwalbarsa cewa don bincike kawai aka yi shi, don haka ba ya bi ta tsauraran matakan tantancewa da magunguna ke bi. Kamfanoni da yawa na sayar da shi, wani ma sari yake yi daga wani ya sauya suna. Farashin 'yar kwalba ɗaya yakan kai ɗaruruwan daloli. Kuma launin ruwan ƙasa zai fito a gilashi ko antibodin ya kama abin da ake nema, ko ya kama wani can daban.

Masana da kansu ne suka fara kokawa. A 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun suka rubuta a mujallar Nature, tare da sa hannun masana fiye da 100, cewa a ƙiyasinsu ana asarar kusan dala miliyan 800 duk shekara a duniya wajen sayen antibodin da ba ya aikin da aka ce yana yi. A 2017 masu bincike a Suwidin suka gwada antibodi 13 da ake amfani da su wajen nazarin wani furotin da aka daɗe ana alaƙantawa da sankarar mama, suka tarar ɗaya kaɗai ne ke kama shi da gaske. A 2023 wata ƙungiya mai suna YCharOS, da ke aiki a jami'ar McGill ta Kanada, ta gwada antibodi 614 na furotin 65, ta samu fiye da rabinsu sun gaza a aƙalla ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka yi musu. Mafi ciwo, an riga an wallafa ɗaruruwan takardun bincike da waɗanda suka gaza ɗin. Bayan kowace irin wannan takarda akwai shekarun ɗalibi, da kuɗin jama'a, da naman marar lafiyar da ya yarda aka yanka don a taimaki wasu.

Gidan IL-36 na daga cikin wuraren da ake buƙatar taka-tsantsan sosai. 'Yan'uwan huɗu sun yi kama da juna, don haka antibodin da ba a tantance ba na iya kama alfa a ce gamma ne, ko ya kama mai gadi a ce mai shela ne, sakamakon ya juye gaba ɗaya. Sannan akwai IL-36 da ba a datse ba, mai rauni, da wanda aka datse, mai ƙarfi, kuma yawancin antibodi ba sa bambanta su. Na mutum da na ɓera ma ba ɗaya ba ne.

Maganin matsalar sananne ne. A 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin jagorancin Mathias Uhlén na Suwidin ya fitar da hanyoyi 5 na tantancewa. Mafi ƙarfinsu ita ce a samu ƙwayoyin halittar da aka cire musu ƙwayar gadon furotin ɗin gaba ɗaya, a zuba musu antibodin. In launi ya fito a inda babu furotin, ƙarya ta bayyana. Binciken Kanada ya kuma nuna cewa antibodin da aka ƙera daga sanannen tsarin gado ya fi na tsofaffin hanyoyi inganci. Tun ran gini tun ran zane: mai binciken da ya ɓata mako biyu yana tantance kwalbarsa ya tsira daga ɓata shekara biyu a kan hanyar da ba ta ɓullewa.

Daga firjin bincike zuwa gadon asibiti

Idan aka yi aikin da gaskiya, ga abin da yake haifarwa. Tunda rashin mai gadi ne ke kawo GPP, sai masana suka yi tunanin ƙera wani mai gadin. Kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ya samar da antibodin da ke toshe ƙofar IL-36. Asalinsa daga ɓera ne, aka sauya masa siffa ya dace da jikin ɗan Adam, aka raɗa masa suna spesolimab. Da yake ba ya kama ƙofar ɓera, sai da aka ƙera wani antibodin daban na ɗakin gwaji don gwada dabarar a jikin ɓeraye.

Akwai tambaya mai nauyi kafin a kai ga mutane: in aka toshe ƙofar, garkuwar jiki ba za ta raunana ba? A 2017 masanan kwalejin King's suka binciki mutum 12 da aka haifa ba su da wannan ƙofa mai aiki, suka tarar garkuwarsu na aiki yadda ya kamata. Wannan ya ba da ƙwarin gwiwa.

A gwajin da aka wallafa a Disambar 2021, an raba marasa lafiya 53 da cutar ta tasar musu gida biyu. Cikin 35 da aka yi wa ƙarin ruwan maganin sau ɗaya, 19 sun wayi gari bayan mako guda ba ƙurji mai mugunya ko ɗaya a jikinsu. Cikin 18 da ba a ba maganin ba, mutum 1 ne kawai ya samu haka. A Satumbar 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi, ya zama magani na farko da aka yi musamman don wannan cuta. Shekara 11 ke nan tsakanin binciken iyalan Safakis da maganin. Ba kowane mai GPP ke da tawayar IL36RN ba, amma maganin ya taimaki masu ita da marasa ita. A wasu cututtukan fatar da aka gwada shi, kamar ƙurajen mugunya na tafin hannu da na ƙafa, bai nuna irin wannan tasiri ba, kuma tsadarsa ta sa har yanzu ya fi ƙarfin yawancin marasa lafiya a Afirka.

Inda zancen ya shafe mu

GPP cuta ce da ba ta da yawa, amma abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne: kamuwa da wata cutar, da juna biyu, da damuwa, da kuma dakatar da magungunan sitiroyid kwatsam bayan an daɗe ana amfani da su. Wannan na ƙarshen ya kamata ya tsaya mana a rai. Ƙwayoyin dexamethasone da wasu ke sha don ƙara ƙiba, da mayukan bilicin masu ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, suna yawo a kasuwanninmu ba tare da takardar likita ba. Mai soriyasis da ya ɗauki ciwonsa makero ne ya kama shafa irin waɗannan mayuka ko shan ƙwayoyin, zai ga sauƙi na ɗan lokaci, sannan ciwon na iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Soriyasis ba kuturta ba ce, ba a ɗaukarta ta hanyar gaisawa ko cin abinci tare, kuma mai ita likitan fata yake buƙata.

Ga ɗalibai da malaman da ke bincike a jami'o'inmu da asibitocin koyarwa, nauyin ya fi yawa. Kwalbar da aka sayo da kuɗin waje, ta yi doguwar tafiya cikin ƙanƙara, ta iso ta tarar da firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, tana iya lalacewa ba wanda ya sani. Don haka a nemi shaidar tantancewa kafin a saya, a gwada a kan naman da aka san yana da furotin ɗin da wanda aka san ba shi da shi, a rubuta sunan kamfani da lambar kwalba a cikin takardar bincike don wani ya iya maimaitawa. Hukumomin da ke ba da kuɗin bincike su ma su sani cewa sola da batir na firjin ɗakin gwaji ba ado ba ne, ɓangaren binciken ne.

Gidaje 9 a Arewacin Afirka ne suka buɗe ƙofar da duniya ke cin moriyarta a yau, saboda likitocinsu sun lura, sun rubuta, sun kuma auna da ma'auni na gaskiya. Fatar mutanenmu ma tana da abin da za ta faɗa wa ilimin likitanci. A ba masu bincikenmu kayan aiki masu inganci, su kuma su tantance kowace kwalba kafin su yarda da abin da ta nuna musu.